Nano da dakon magani a jiki: amsoshin tambayoyin da na gaji da maimaitawa

Duk shekara, da ɗaliban kemistiri na ajin ƙarshe sun fara neman abin da za su yi furojet a kai, sai ofishina ya koma tashar mota. Tambayoyin ba sa sauyawa, fuskoki ne kawai ke sauyawa. To ga amsoshin a rubuce. Wanda ya sake ƙwanƙwasa mini ƙofa da ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi.

Malam, wai mene ne nano ɗin nan?

Ma'auni ne. A raba mita ɗaya gida biliyan, kaso ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashi ya kai wajen nanomita 80,000. Ƙwayoyin da muke haɗawa yawanci ba sa wuce 200. Shi ke nan.

To me ya haɗa shi da magani?

Dako. Akwai magani mai ƙarfi wanda matsalarsa ita ce bai san inda aka aike shi ba. Doksorubisin tsohon maganin sankara ne, yana aiki, amma yana cin zuciya, har likitoci suka ƙayyade iya abin da za a ɗura wa mutum a tsawon rayuwarsa. Yechezkel Barenholz na Jami'ar Ibrananci da ke Birnin Ƙudus da wani likita, Alberto Gabizon, suka cusa shi cikin 'yan kumfunan maiƙo da ake kira lifosom. Gwajinsu na farko a kan marasa lafiya a shekarun 1980 bai je ko'ina ba: maganin ya tsiyaye tun a cikin jini, hanta kuma ta kwashe kumfunan. Sai da aka lulluɓe su da PEG, wata polima (sinadari mai dogon zare), don su daɗe suna yawo a jini, aka kuma samo dabarar kulle maganin a ciki da amoniyam salfet, sannan FDA, hukumar kula da magunguna ta Amurka, ta amince da wannan haɗi mai suna Doxil a 1995. Ya sassauta wa zuciya, amma ya zo da tasa rigimar: tafin hannu da na ƙafa su yi ja, su yi ta zafi suna ɗayewa.

Sai na karanta likitanci kafin in shiga?

A'a. Robert Langer injiniyan sinadarai ne. Da ya gama digirin digirgir a jami'ar MIT ta Amurka a 1974, ya bar ayyukan kamfanonin mai ya tafi ɗakin gwajin wani likitan fiɗa, Judah Folkman, a asibitin yara na Boston. A 1976 suka nuna cewa polima na iya riƙe manyan sinadarai irin su furotin ta riƙa sakinsu sannu a hankali. Takardunsa tara na farko na neman kuɗin bincike duk an yi watsi da su. Ita kuwa Ijeoma Uchegbu harhaɗa magunguna ta karanta a Jami'ar Benin kafin ta zama farfesa a wannan fanni a jami'ar UCL ta Landan. Ka dai ƙware a kemistirinka, sannan ka ƙasƙantar da kai ka koyi ilimin halittu wurin masu shi.

Da gaske akwai na'urar leƙen asiri a allurar korona?

Babu. A irin allurar da ke ɗauke da RNA, maiƙo iri huɗu ne, ciki har da kolestarol, aka naɗe saƙon RNA da su don kada ya lalace kafin ya shiga ƙwayar halitta. Ɗalibin kimiyya ne kai, bai kamata in ji wannan daga bakinka ba.

Na zuba ruwan ganyen zogale a silba naitiret, ya koma ruwan ƙasa. Na yi nano ke nan?

Wataƙila. Kai da sauran mutum ɗari da suka yi da dogon yaro, da ɗanyen lalle, da ɓawon lemo. Sauya ganye ba bincike ba ne. Launi ya juya, na'urar UV ta nuna tudu a wajen nanomita 420, sai ka rubuta cewa ka gano maganin sankara? Nawa ne girman ƙwayoyin? Kansu ɗaya ko kowacce da nata? Bayan mako guda suna nan ko sun dunƙule? Ka gwada ruwan ganyen shi kaɗai, da silba naitiret shi kaɗai, ka ga ko ba su ne ke kashe bakteriyar ba? In ba ka da amsar waɗannan, rini ka yi.

Sashenmu ba shi da TEM, ba shi da DLS, wato na'urorin auna girman ƙwayoyin. Zan iya yin mastas a wannan fanni a nan gida, ko dole sai na fita?

Wannan ce kaɗai tambayar da ta cancanci a zauna, kuma ba ni da amsa guda. Ya danganta da abin da kake son tambaya, da mai duba aikinka, da aljihunka, har da ko kana da iyali.

Akwai aikin da za ka iya yi da abin da ke hannu. Da na'urar UV, da ma'aunin pH, da santirifuj, da 'yar jakar dayalisis, za ka iya auna yawan maganin da ƙwayoyinka suka ɗauka da yadda suke sakinsa cikin awa 24 ko 48. Kaitosan da tirifolifosfet suna haɗuwa su ba da ƙwayoyi a cikin ruwa ba tare da wata babbar na'ura ba. Ƙaro ma, wanda ake samu a Yobe da Borno da Jigawa har Chadi da Sudan, polima ne da masana'antun abinci da na magani suka daɗe suna aiki da shi. Wannan aiki, in an yi shi da tsabta an maimaita sau uku, ya fi takarda goma ta ganye.

Amma fa kalmar nano da'awar girma ce, kuma ba a rantsuwa a kan girman da ba a auna ba. Dole samfurinka ya je inda na'ura take, a cikin ƙasa ko a waje, kuma a nan gizo ke saƙar. Na taɓa aika nawa, suka kwana uku a hanya cikin zafi, suka yi makonni a kan layi a can. Da sakamako ya dawo, ƙwayoyin sun manne da juna sun zama dunƙule. Kuɗin ya tafi, wata huɗu sun tafi. Busar da su ta hanyar daskarewa na iya taimakawa in ka sa sukari irin su sukuros, to amma ba kowane haɗi ke farfaɗowa ba, kuma na'urar busarwar ma ba ta son a ɗauke mata wuta a tsakiyar aiki. Kada kuma hankalinka ya tashi in DLS ta ba ka lamba mafi girma daga ta TEM: ɗaya na auna ƙwaya a cikin ruwa da rigar ruwanta, ɗaya na kallonta a bushe.

In burinka irin ƙwayoyin maiƙon da ke ɗauke da RNA ne, a ganina fita za ta fi maka, ko da ta wata shida ce a ɗakin gwajin wani. Akwai tallafin Commonwealth, malaman jami'a kuma na neman na TETFund, sai dai ba kowa ke samu ba, ba kuma zan ce ka ajiye rayuwarka kana jira ba. In kuwa ka zauna, zaɓi matsalar da zamanka a nan zai zama riba. Zafi, misali. AmBisome, lifosom ɗin da ake maganin cutar kala-azar da shi har a gabashin Sudan, ba a son ajiye shi sama da digiri 25; ka tuna watan Afrilu a Sakkwato. Ko lumefantirin na maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda jiki ba ya tsotsa sosai sai an ci abu mai maiƙo, alhali yaron da zazzaɓi ya kwantar ko koko ba ya iya sha. Ban ce za ka warware su da mastas ba. Na ce tambayoyi ne da za a saurare ka a kansu.

Na gwada a ɓeraye, ƙarin ya ragu. Yaushe zai shiga kasuwa?

Kwantar da hankalinka. A 1986 Hiroshi Maeda da Yasuhiro Matsumura a Japan suka nuna cewa jijiyoyin jinin ƙari na yoyo, manyan ƙwayoyi na taruwa a wurin. Kowa ya dogara da wannan. Sai a 2016 rukunin Warren Chan na Toronto ya tattara binciken shekara goma, ya ga a tsaka-tsaki abin da ke isa ƙarin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da aka ɗura ba, 0.7 ne. Mafi yawa hanta da saifa ke kwashewa. Wannan a ɓera ke nan, balle mutum. Kada dai ka karaya don naka bai yi abin da ka so ba. Rubuta abin da ka gani yadda ka gan shi.

Akwai kuɗi a ciki?

Albashin malami. In kuɗi kake nema da gaggawa, ga Kantin Kwari can.

Malam, za ka duba mini furofozal?

Bayan ka cire "maganin sankara" daga kanun, ka kuma rubuta inda za ka auna girman ƙwayoyin da nawa za a caje ka. Talata bayan azahar. Ka zo da littafin da kake rubuta gwaje-gwajenka, ba hotunan waya ba.