Manhajar Sarrafa Hotunan Waya a Kwamfuta

Wannan manhaja ce da ake sakawa a kwamfuta don mutum ya riƙa ganin hotunan wayarsa a babban allo, ya kwafa, ya goge, ya jera su yadda ransa ke so. Abin ba yau aka fara ba, tun zamanin Nokia PC Suite ake yi, Samsung ta yi Kies daga baya Smart Switch ya gaje shi, Huawei na da HiSuite, a ɓangaren Apple kuma iTunes ce ke tura hotuna cikin iPhone har 2019 da Finder, manhajar duba fayiloli, ya karɓi aikin a kwamfutocin Mac. Microsoft ta fito da Your Phone a 2018, ta sauya masa suna zuwa Phone Link a 2022, shi ko ba sai an jona kebul ba, ta Wi-Fi hotunan ke zuwa.

In da kebul ne, wayar Android da ka jona caji kawai za ta kama, sai ka jawo sanarwar sama ka zaɓi tura fayil wato MTP, ko PTP in hotuna zalla kake so, sannan folda mai suna DCIM ta fito, nan kyamara ke zuba komai. iPhone kuwa sai ka cire makulli ta tambaye ka ko ka yarda da wannan kwamfutar. Kuma akwai kebul da caji kaɗai ya iya, mutum ya yi ta zargin manhaja alhali laifin kebul ne.

Inda ake yawan tafka asara shi ne rashin bambance gani da kwafa. Hoton da ka gani a allon kwamfuta ba lallai yana cikinta ba, sau da yawa leƙen wayar kawai kake yi, ka danna gogewa a nan to daga wayar ka goge shi. Gara a kwafa tukuna, a buɗe kwafin a tabbatar ya buɗu, sannan a share.

Sai batun HEIC, tsarin da iPhone ke ajiye hoto da shi tun iOS 11 a 2017. Bai cin wuri kamar JPEG amma wasu kwamfutocin Windows ba sa buɗe shi sai an ƙara musu wata 'yar manhaja, ko a saita wayar ta riƙa juya shi zuwa JPEG lokacin turawa.