Waiwaye: Abin da ke kwance a ƙarƙashin ruwan Yauri

Duk ranar da jirgi ya nutse a Kogin Kwara, gardama iri ɗaya ce ke tashi, a rediyo, a Facebook, har a teburin mai shayi a Yelwa. Wannan ya ce lodi ne ya wuce kima, wancan ya ce ina rigar ruwa, wani ya kama tafiyar dare, wani kuma ya rufe zancen da cewa kwana ne ya ƙare. Kafin a yi sadakar bakwai kowa ya faɗi nasa an watse. Ran kasuwa mai zuwa jirgi zai cika kamar yadda ya saba cika.

Haka aka yi a watan Mayu na 2021, lokacin da jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Warrah a Ƙaramar Hukumar Ngaski, 'yan kaɗan suka fita da rai. Haka aka sake yi a Oktoban 2023, da wani jirgin 'yan kasuwa ya kife a ruwan Yauri. Ba na musun ko ɗaya daga cikin dalilan da ake kawowa. Lodi yana kisa, tafiyar dare tana kisa. Amma lodin nan yana da mafari, kuma wanda ya ɗauka jiya matuƙa suka koyi haɗama bai san ruwan da ake magana a kai ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Tsohon tarihin kowa ya ji shi, ba sai na daɗe a kai ba. Yauri ta daɗe tana mashigar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Mungo Park, Baturen nan mai binciken Kogin Kwara, ya wuce ta nan a jirginsa kafin ya halaka a duwatsun Bussa a 1806, 'yan uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka sauka a Yauri a 1830, sannan a 1888 aka mayar da gadon sarauta Yelwa a bakin kogi. Sai Turawa, sai 'yancin kai, sai Jihar Kebbi a 1991. A duk tsawon wannan zamani, har zuwa ƙarshen shekarun 1960, sarauta ta sauya hannu, kuɗi ya sauya daga wuri zuwa sule, amma kogin yana nan yadda kakanni suka san shi.

Wane irin kogi ne kuwa? Kogi ne mai rassa da gungaye. Sunan Gungawa ma daga nan ya fito, mutanen gungu, ko da yake su da kansu Reshe suke kiran kansu. A kan waɗannan tsibirai suke zaune, suna noman albasa da rani a ƙasar da ambaliya ta bari, suna kamun kifi tare da Sarkawa, Kambari da Lopawa da Shangawa kuma suna gefe da gefe. Wanda zai ƙetare ba ya fuskantar ruwa mai faɗi gaba ɗaya. Daga gaɓa zuwa gungu, daga gungu zuwa wani gungun, sannan ɗaya gaɓar. Ƙaramin kwale-kwale da filafili da gwangwala ya wadatar. In hadari ya taso, akwai inda za a raɓe kafin ya iso. In ma jirgin ya kife, tudu ba shi da nisa, kuma yawancin waɗanda ke ciki 'ya'yan ruwa ne.

Ilimin wannan kogi a kai yake, ba a takarda ba. Ɗan fito ya san inda dutse yake, inda yashi ke taruwa, inda ruwa ke juyawa, domin tun yana yaro yake zaune a goshin jirgin ubansa. Ya kuma san kalandar ruwan. Akwai farin ruwa, mai laka, wanda ke zuwa daga damunarmu ta nan wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa fadamun Mali ya zubar da lakarsa a can, sai ya iso mana garau a cikin hunturu, watanni bayan ruwan sama ya ɗauke. Da waɗannan biyun ake auna shuka, da su ake auna kamun kifi, da su ake auna tafiya.

Sai 1968. A nan nake so mai karatu ya zauna, domin a nan ne gardamar yau ba ta tsayawa.

Idan aka ce madatsar ruwa ta Kainji, abin da ke zuwa zukatan 'yan Nijeriya shi ne wutar lantarki. An fara gina madatsar a 1964, aka kammala a 1968, kuma ta haska garuruwan da ba su taɓa ganin Kwara ba. Wannan alheri ne, ban zo rage masa daraja ba. Sai dai a bayan bangon madatsar, ruwa ya koma baya ya haifi tafki mai tsawon kusan kilomita 130, wanda faɗinsa a tsakiya ya haura kilomita 20, kansa na arewa kuma ya zo har Yelwa. Kimanin mutum 44,000 aka tasa daga garuruwansu. Tsohuwar Bussa ta tafi ƙarƙashin ruwa aka gina sabuwa, duwatsun da suka ci Mungo Park suka nutse, galibin babban tsibirin Foge ya ɓace, gungaye da yawa suka bi shi. An ba mutane sababbin gidaje na siminti a kan tudu. An daɗe ana tattauna waɗannan gidaje, zafinsu da fasalinsu da nisansu daga ruwa. Abin da ba a tattauna sosai ba shi ne ƙasar da ruwan ya hau.

Ƙasar nan ba fili ba ce fetal. Gonaki ne da dazuzzuka da kufai da tuddai. An sare itatuwa a wasu wurare kafin ruwa ya zo, amma ba duka ba, kuma ko wanda aka sare kututturensa na nan. Itace irin ƙirya ko maɗaci in ya nutse ba ya saurin ruɓewa, domin ba iskar da za ta ci shi, ba gara. Yana iya shekaru yana tsaye kamar turke. Wato tun daga wannan shekara, abin da ke ƙarƙashin jirgin ɗan Yauri ba gindin kogi ba ne da ruwa ya shafe shekaru dubbai yana gogewa. Tsohon daji ne a tsaye.

Da ma a ce zurfin ruwan ɗaya ne kullum, da an haddace wuraren an huta. To ba haka tafkin madatsa yake ba. Aikinsa ya tara ruwa ya sake shi. Yana cika da farin ruwa, baƙin ruwa ya riƙe shi a cike cikin hunturu, daga nan ya fara ja da baya ana juya injinan wuta da shi, har ya kai ƙasa wajen tsakiyar damina. Tsakanin cikarsa da ƙarancinsa akwai kusan mita 10. Mita goma ba wasa ba ce, ya fi tsayin bene mai hawa biyu. Kututturen da jirgi ya bi ta kansa lafiya a Janairu, a Mayu yana iya zama taƙi ɗaya ƙasa da fuskar ruwa, ba a ganinsa amma yana jira. A Yuli ya fito sarari tsuntsu ya sauka a kai. Hanyar da ta zama lafiyayya wannan watan ba ita ce ta wata mai zuwa ba. Kuma watannin da ruwan ke sauka su ne watannin bazara da farkon damina, lokacin da iska ke tasowa ba sallama.

Iskar ma ta samu abin da ba ta da shi a da, wato fili. A kan kogi mai rassa igiyar ruwa ba ta samun wurin girma, gungu ya tare ta, gaɓa ta karya ta. A kan ruwa mai faɗin kilomita da yawa tana tasowa ta yi tsayi. Kwale-kwalen da kakanni suka sassaƙa don wancan kogi bai dace da wannan ba. Gungayen da ake raɓewa a cikinsu kuma su ne suka nutse. Tsohon ɗan fito da ya san kowane dutse ya wayi gari baƙo a ruwan garinsu, abin da zai koya wa ɗansa ya zama labarin wurin da babu shi.

Mutane kuwa ba su daina buƙatar ƙetarewa ba, sai ma ƙaruwa da ta yi. Dangi ɗaya sun rabu, wasu an kai su gabas wasu yamma. Wanda gonarsa ta nutse ya nemi wata a ɗaya gefen. Biki, ta'aziyya, asibiti, duk ta ruwa. Har yau mutanen Agwara da ƙauyukan Borgu da ke Jihar Neja kasuwar Yauri da ta Warrah suke ci, ana fito tsakanin Rofia da Zamare kullum. Iyakar jiha tana kan taswira ne kawai, buhun masara bai san da ita ba.

Ga kuma kifi. A shekarun farko bayan cikar tafkin kifi ya yi ambaliya, domin ciyayi da ganyayen da suka nutse sun zama abinci. Labari ya bazu, masunta suka kwararo daga nesa, tungaye suka tsiro a bakin ruwa inda babu hanyar mota ko ta keke. Bayan 'yan shekaru kamun ya faɗi ƙasa sosai, kamar yadda aka saba gani a sababbin tafkuna, amma tungayen suka zauna, suka hayayyafa. Kowace tunga tana buƙatar gishiri da man girki da magani, tana buƙatar kai bandar kifi kasuwa. Hanyarta ɗaya ce.

Daga nan lissafin ya zama mai sauƙi, kuma shi ne lissafin da ke kashe mutane yau. Tafiya ta yi nisa, filafili ba zai kai ba, sai inji. Inji yana shan mai, ƙaramin jirgi ba zai biya kuɗin man ba, sai babba. Aka koma manyan jiragen katako da ake haɗawa da ƙusa ana toshe kafofinsu, masu ɗaukar mutane da buhuna da babura da awaki a tafi ɗaya. Babban jirgi mai nauyi ya fi nitsa ciki, ya fi kusa da kututture, kuma da gudun inji yake isa gare shi, ba da sanyin filafili ba. Kasuwa kuma sau ɗaya take ci a mako. Duk ƙauyen rana ɗaya za su tafi, sa'a ɗaya, su dawo bayan la'asar ko magariba in ciniki ya ja. Matuƙin da ya ce jirgi ya cika, waɗanda zai bari a gaɓa ba baƙi ba ne. Gwaggonsa ce da kwandon kifinta, surukinsa ne da buhun da ya ci bashi a kansa. "Haba ɗana, ni kaɗai ce zan nutsar da shi?" Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwa ran kasuwa ya ji irin wannan, kuma ya san yadda take ƙarewa.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: fasinjan yau ba ɗan ruwa ba ne kamar na da. Jikokin waɗanda aka mayar tudu da yawa sun tashi manoman tudu. Mata da yara, waɗanda su ne suka fi yawa a jirgin kasuwa da na biki, galibi ba su iya iyo ba, ga zani ga goyo. Ko gwanin iyo ma, me zai yi in gaɓa tana da nisan kilomita biyar?

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara nauyi a kan abin da ya riga ya yi nauyi. Rashin tsaro a wasu hanyoyin mota ya tura ƙarin mutane ruwa, har da waɗanda suka baro ƙauyukansu suka koma bakin tafki. Tsadar mai tun daga 2023 ta sa kowane sawu sai an cika shi maƙil kafin a tayar da inji, katako da ƙusa suka yi tsada, gyaran da ya kamata a yi bana aka ɗaga shi zuwa baɗi. Waɗannan su ake gani, su ake gardama a kai, kuma da gaskiyar masu yi.

Rigar ruwa tana da amfani, kada wani ya ji ni ba daidai ba. Tana ceton wanda ya riga ya faɗa ruwa. Ba ta hana katako tsagewa in ya hau ƙirya. Na kuma lura cewa a duk zafin muhawarar, da wuya ka ji an tambayi tsofaffin matuƙa a wane wata ne wace hanya ke buɗewa, a wane wata take rufewa. Cikin shekaru fiye da 50 sun sake tara wani sabon ilimi na tafkin, da tsada suka saye shi, wasu da rayukan 'yan uwansu. Shi ma a kai yake kamar na da, yana tafiya kabari tare da masu shi, yaran da ke riƙe da inji yau kuma da yawansu haya suke yi, ba gado suka yi ba.

Wanda ke son ganin abin da idonsa, ya zo bakin tafki wajen Yuli, lokacin da ruwa ya kai ƙarshen janyewarsa. Zai ga baƙaƙen kawunan itatuwa sun fito jere a wuraren da jirage ke ratsawa da hunturu, wasu ɗaiɗai, wasu kurmi guda, ana iya ƙirga su daga cikin kwale-kwale. Makonni kaɗan suke yi a waje. Da farin ruwa ya sauko a Agusta, sai su fara komawa ƙasa ɗaya bayan ɗaya.