Lissafin haila a shekarun gab da ɗaukewar al'ada

Shekarun gab da ɗaukewar al'ada su ne lokacin da jikin mace ke shirin barin haila gaba ɗaya. Yawanci yana farawa bayan shekara 40, ɗaukewar kanta kuma tana zuwa ne tsakanin 45 da 55, kuma ba a cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 cur ba a ga jini ba. Wata mace shekara huɗu take yi cikin wannan hali, wata har takwas ko fiye. Dalili shi ne ƙwai sun fara ƙarewa, sinadarin istirojin, wanda ke cikin masu tafiyar da haila, yau ya hau gobe ya sauka, ƙwai ma ba kowane wata yake fita ba.

Abin da ake nufi da lissafi shi ne mace ta riƙa rubutawa. Ranar da jini ya zo, ranar da ya tafi, yawansa, audugar mata ko ƙunzugu nawa ta canza a yini, ko akwai guda-guda. Littafin makaranta ya isa, ko kalandar bango, mai babbar waya kuma akwai manhaja kamar Flo ko Clue, sai dai hasashen ranar da suke yi ba ya cika daidai a wannan shekarun. Mata da yawa a Zamfara da watan Musulunci suke ƙirga, ba komai, a dai tsaya kan guda kar a gauraya.

Likitoci na duba abu biyu. In tsawon zagayen, wato kwanakin da ke tsakanin zuwan haila da zuwan ta gaba, ya riƙa bambanta da kwana 7 ko fiye, misali wannan karon 26 na gaba 35, to an shiga farkon lokacin. In kuma ana tsallake kwana 60 ko fiye, an yi nisa. Ga wadda ta haura 45 wannan bayanin ya fi gwajin jini amfani, dan sinadarin ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Sai alamomi: zafi da ke taso wa mutum daga ƙirji zuwa fuska, zufar dare, rashin barci, faɗuwar gaba, saurin fushi, mantuwa, bushewar gaba. A Gusau ko Talata Mafara cikin watan Afrilu kowa gumi yake, shi ya sa ake ɗora abin kan bazara, amma wadda ta rubuta za ta ga ko cikin hunturu da asuba tana tashi jiƙe sharkaf. Wasu ma har a ce sammu ne ko iska, a yi ta hayaƙi, abin tausayi wallahi, alhali canjin jiki ne kuma akwai taimako a asibiti.

Ta fannin ibada ma rubutun na da rana. A mazhabar Malikiyya iyakar haila kwana 15 ne, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, a yi wanka a ci gaba da salla. In al'ada ta rikice malam ko malama kwanaki za su tambaya, haka wajen ramuwar azumi.

Ɓatan wata a wannan lokacin ba lalle ɗaukewa ba ce, ciki na iya shiga, dan haka a yi gwajin ciki tukuna. Akwai kuma jinin da ba a zama da shi a gida: wanda ya wuce kwana 7, wanda ke jiƙa auduga duk awa, wanda ke zuwa tsakanin haila biyu ko bayan kwanciyar aure, da duk ɗigon da aka gani bayan wata 12 ɗin nan. Yana iya zama ƙarin mahaifa, ko sankarar mahaifa ko ta bakinta, ga ƙarancin jini da ke biyo baya. Haka wadda hailarta ta tsaya kafin 40. A ɗauki littafin a tafi sashen mata, a Gusau akwai asibitin tarayya na FMC da asibitin Yariman Bakura, na ƙauye kuma su fara da asibitin da ke kusa a tura su gaba.