Kabad ɗin Kaka: A Wanke Shi Ko A Shafa Masa Mai?

Na gaji kabad ɗin maɗaci, ya yi baƙi da dauɗa. In wanke shi da omo?

Kada ki kai shi bakin famfo. Fara da ƙura: tsohon zanin auduga busasshe ya isa, lungunan sassaƙa kuma ki bi su da burushi mai taushi. Dauɗar da ta ƙi fita, ki ɗiga sabulu kaɗan a ruwan ɗumi, ki tsoma tsumma ki matse har ya daina ɗiga, ki goge wuri kamar faɗin tafin hannu, ki bi da busasshe nan take. Gwada a bayan kabad ɗin tukuna. Kuma ba duk duhun nan ne dauɗa ba, shi maɗaci yana ƙara rinewa ne da shekaru, wannan jan mai duhu kuwa shi masu sayen tsofaffin kaya ke nema.

To man gyaɗa fa, don ya yi ƙyalli?

Ƙyallin kwana biyu ne. Man girki ba ya bushewa, sai ya yi danƙo ya kama ƙura, daga baya ya fara wari. Baƙin man mota da ake shafawa saboda gara kuwa, a bar wa azara da shinge. Kakin zuma ya fi: a shafa ɗan kaɗan, a bar shi ya sha iska, a murza da tsumma. Sau ɗaya a shekara ya wadatar.

Me ya sa durowa ke ƙin jawuwa da damina, da hunturu kuma katakon ya tsage?

Katako ko ya shekara 100 da sarewa bai daina shan danshi da fitar da shi ba. A Agusta ya kumbura, a Janairu ya tsuke, kuma ta faɗi yake wannan motsin, ba ta tsawo ba. Gidajen adana kayan tarihi kan riƙe danshin ɗaki tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100. Iskar hunturu a Kano ko Damagaram kan sauke shi ƙasa da 20. Ba mu da na'urarsu, amma za mu iya janye kaya daga bakin taga, daga rana, daga saitin na'urar sanyaya ɗaki. Kuskuren da na fi gani shi ne a kira kafinta da damina ya fere durowa, hunturu na zuwa sai ga ta tana lilo. Kyandir za a goga a gefenta, a yi haƙuri.

Ina ganin gari kamar fulawa a ƙarƙashin akwati. Gara ce?

Gara tana zuwa da hanyarta ta ƙasa a jikin bango. Ƙananan huji da gari mai laushi aikin ƙwaro ne. Share wurin, shimfiɗa baƙar leda, ki duba bayan mako 2. In sabon gari ya zubo, yana ciki da ransa, sai a ware kayan daga sauran a nemo mai feshi. Gara kuwa, a ɗora ƙafafun kabad a kan tayil ko dutse, a bar tazara tsakaninsa da bango.

Kwalbar turare ta bar tabo a kan teburin madubi.

Yawancin turaren fesawa akwai sinadarin alkohol a ciki, shi kuwa yana narkar da shalak, wato abin da ake shafe tsofaffin kaya da shi kafin zuwan banish na zamani. Wannan tabon sai gwani. A jera kwalabe a faranti. Kaskon turaren wuta ma kada a ɗora shi kai tsaye.

Kafinta ya ce zai kankare shi da samfefa ya yi masa fenti ya dawo sabo.

Sabo kam zai dawo, amma ba na kaka ba, kuma abin da samfefa ta ci ba ya komawa. In ƙafa ce ke rawa, ya kwance mahaɗin, ya share tsohon gam, ya sa sabo ya ɗaure har ya bushe. Kada ya buga ƙusa a busasshen katako, tsaga shi za ta yi. Ko guntun ado ne ya ɓalle, ki sa shi a ambulan ki ajiye cikin durowar har ranar gyara.