Waiwaye: ina ƙarfen da ke cikin iskar taron galaksi ya fito?

Mu nan Sakkwato in anka ce ƙarfe hankali wurin maƙera yake zuwa, to jama'a akwai wani ƙarfen da masu ilimin sararin samaniya sunka kwashe shekara kusan 50 suna bin sawunshi, kuma shi a iska yake yawo. Galaksi dai tarin biliyoyin taurari ne kamar wadda ranarmu take ciki, su kuma galaksin sukan taru ɗaruruwa ko dubbai wuri guda, sararin da ke tsakaninsu cike yake da iska mai zafin digiri miliyan 10 zuwa miliyan 100, ido bai ganinta sai da na'urar eksire, kuma nauyinta ya ninka na taurarin taron gaba ɗaya sau da yawa.

Tauraron ɗan adam Uhuru na Amurka, wanda anka harba daga gaɓar tekun Kenya a Disamba 1970, shi ya nuna hasken eksire a baje cikin taron Coma da na Perseus. Sai anka yi ta gardama, iska mai zafi ke fidda shi ko wani abu daban? A 1976 tauraron ɗan adam Ariel 5 na Ingila ya ga alamar ƙarfe a hasken Perseus, gardama ta mutu, sai wata babba ta taso. Don farkon halittar sararin, shekara kusan biliyan 13.8 da sunka wuce, haidurojin da hiliyum ne kawai sai ɗan litiyum kaɗan. Duk abin da ya fi su nauyi, oksijin ne ko silikon ko ƙarfe, cikin taurari anka toya shi. Ke nan iskar ga ta gauraye da abin da ya fito daga cikin galaksi, kuma ba kaɗan ba, rabon ƙarfen da ke cikinta ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku na rabon da ake aunawa cikin ranarmu.

Masu toyawar an san su. Manyan taurari da ke fashewa da wuri su ke bada oksijin da magniziyum, sai farin wadan tauraro, wato ragowar tauraron da ya ƙone ya ƙanƙance, da ke ɗaukar dogon lokaci kafin ya tarwatse, shi ke zubo yawancin ƙarfe da nikel. Yadda abin ya fita waje ne rigimar. Masana biyu, Gunn da Gott, tun 1972 sun nuna galaksi in ta kutsa cikin taro da gudu iskar taron kan kwashe mata tata iskar, wasu kuma sunka ce fashewar taurari da hucin baƙin ramin tsakiyar galaksi (wani dunƙulallen abu mai tsananin nauyi da ko haske bai kuɓuce mishi) ne ke korar ta waje. Na'urori irinsu ASCA na Japan da anka harba a 1993, da Chandra da XMM-Newton da anka harba a 1999, sun ga ƙarfe ya fi yawa a tsakiyar wasu taruka, kusa da babbar galaksin da ke tsakiyar taron.

Ni abin da ya fi kama min hankali wallahi shi ne na 2013. Norbert Werner da abokan aikinshi sunka duba gefen Perseus can nesa da tsakiya da tauraron ɗan adam Suzaku na Japan, ta kowace kusurwa, sai sunka iske ƙarfen daidai wa daida ko'ina. Da galaksin yanzu ne ke zubar da shi da sai ya taru inda suke da yawa, gefe ya tashi fayau. Kamar fura ce da anka sa ma sikari tun cikin babbar ƙwarya anka dama sosai, kowane ludayi ka ɗiba zaƙi ɗaya. Wato an watsa ƙarfen tun sama da shekara biliyan 10, lokacin da haihuwar taurari ta fi ƙarfi, tun taron kanshi bai gama haɗuwa ba, kuma baya anka samu irin haka a taron Virgo.

Hitomi, wani tauraron ɗan adam na Japan, ya ban tausayi, an harba shi Fabrairu 2016 ya lalace a Maris, amma kafin nan ya auna Perseus, ya nuna rabon ƙarfe da nikel da manganis da kuromiyum kusan irin na ranarmu ne.

Saura ƙulli guda da ba a kwance ba, in anka lissafa taurarin da ke cikin manyan taruka sai a ga kamar ba su isa su toya ƙarfe mai yawan haka ba. XRISM da Japan ta harba a Satumba 2023 shi ya gaji Hitomi, yana can yana auna iskar tarukan ga.