Tiyatar ƙara tsayi

Tiyatar ƙara tsayi aiki ne na likitocin ƙashi, inda ake yanke ƙashin cinya ko na ƙwauri da gangan, a riƙa raba ɓangarorin biyu sannu a hankali har jiki ya cike tsakaninsu da sabon ƙashi. Asalinta magani ce ga wanda ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, da wanda mummunar karaya ta cinye masa wani yanki na ƙashi, da kuma masu lalurar wadanci. Daga baya ne mutanen da ke lafiya ƙalau suka shiga nemanta don su ƙara tsayi kawai, kuma a kan wannan ne likitoci suka rabu gida biyu.

Tarihi

Likitan Italiya Alessandro Codivilla, wanda ya yi aiki a birnin Bologna, ya wallafa bayanin tsawaita ƙashin cinya tun 1905. Sai dai a wancan zamani jan ƙashin ake yi da ƙarfi cikin ɗan lokaci, ga azaba ga yawan illa. Wanda ya ɗora aikin kan turba shi ne Gavriil Ilizarov, likita a garin Kurgan na yankin Saberiya a tsohuwar Tarayyar Sobiyet. A shekarun 1950 ya ƙera wani keji na zobban ƙarfe da ake kewaye ƙafa da shi, a soke ƙashi da siraran wayoyi a ɗaure su a jikin zobban. Ya gano cewa muddin aka ja ƙashin da aka yanke a daidai ƙima, ba shi kaɗai ke toho ba, har tsoka da fata da jijiyoyi suna bin sa.

Sunansa bai fita ba sai a 1968, lokacin da ya yi wa Valeriy Brumel magani, zakaran tsalle na gasar Olamfik ta 1964 wanda haɗarin babur ya ragargaza masa ƙafa. A 1980 kuma ya warkar da ɗan yawon duniya na Italiya Carlo Mauri, shi ne ya zama sanadin isar dabarar Yammacin Turai, daga nan ta wuce Amurka.

Yadda ake yi

Bayan an sa majiyyaci barci, likita kan yanke ƙashin ta ƙaramar kafa, yana kiyaye fatar da ke lulluɓe da ƙashin da hanyoyin jininsa, domin daga nan ne sabon ƙashi zai fito. In ƙwauri ne, har siririn ƙashin da ke gefensa ake yankewa. Sai a jira kwana 5 zuwa 7 wurin ya fara ɗinkewa, sannan a fara ja.

Ƙa'idar ita ce kusan milimita 1 a rana, a raba shi kashi 3 ko 4; a ƙwauri ma akan rage. Ba a banza aka tsayar da wannan awo ba. In aka yi gaggawa, ƙashin ba zai iya cike gurbin ba, jijiyoyi kuma su wahala. In aka yi sanyin jiki, sai ya haɗe tun ba a kai inda ake so ba, a sake komawa ɗakin tiyata a yanke shi. A duk tsawon wannan lokaci ana ɗaukar hoton ƙashi a kai a kai, inda sabon ƙashin ke fitowa kamar hayaƙi-hayaƙi tsakanin bakunan biyu kafin ya yi kauri. Idan an gama ja, sai zaman jiran ya ƙeƙashe, wanda ya fi lokacin jan tsawo. Likitoci kan yi lissafin kusan wata guda ko fiye a kan kowace santimita.

Na'urorin iri biyu ne. Akwai na waje irin kejin Ilizarov, wanda majiyyaci ke murɗa kusoshinsa da kansa. Ya fi araha, amma wuraren da wayoyin suka huda fata kan yi ruwa su kamu da ƙwayoyin cuta, ga tabo. Akwai kuma sandar ƙarfe da ake zurawa cikin ramin ɓargo, mai miƙewa daga ciki, irin Fitbone ta Jamus da Precice wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2011. A cikin Precice akwai ɗan maganaɗisu, majiyyaci kan ɗora wata na'ura a kan cinyarsa na 'yan mintoci, ita kuma ta juya shi, sandar ta ƙara tsawo. Wani samfurinta mai suna Stryde, wanda aka yi domin a iya taka ƙafa da wuri, an janye shi daga kasuwa a 2021 bayan an ga yana tsatsa yana kuma cin ƙashin da ke kewaye da shi.

Galibi ba a wuce santimita 8 a cinya, a ƙwauri kuwa 5 zuwa 6.

Illoli

Abin da ya fi yawa shi ne ƙagewar gaɓoɓi. Ƙashi yana gaba, tsoka na baya tana jan ƙafa, shi ya sa gwiwa kan ƙi miƙewa, ko agara ta ɗaure har mutum ya kasa sauke diddigensa ƙasa, ya koma tafiya a kan yatsu. Maganin wannan gashin ƙashi ne kullum, na tsawon watanni, kuma mai zafi ne. Jijiyar da ta bi ta gefen gwiwa na iya samun rauni, tafin ƙafa ya riƙa faɗuwa. Ƙashi na iya karkacewa ko ya ƙi haɗewa, ƙarfen na iya lanƙwashewa ko ya karye, ƙwayoyin cuta na iya shiga har cikin ɓargo. Wanda ya fi haɗari, ko da yake ba kasafai yake faruwa ba, shi ne kitsen ɓargo ko gudan jini ya bi jini ya toshe huhu, abin da ke iya kai mutum lahira. Shan taba yana jinkirta haɗewar ƙashi, don haka likitoci kan gindaya sharaɗin a bar ta tukuna.

Kuɗi da doka

Kamfanonin inshora ba sa biyan aikin in na ƙawa ne. A Amurka yakan kama daga dala dubu 70 zuwa sama da dubu 100, wannan ya sa da yawa ke tafiya Turkiyya ko Indiya. Matsalar tafiya nesa ita ce illolin ba a ranar tiyata suke bayyana ba, sai makonni ko watanni bayanta, wataƙila mutum ya riga ya koma gida. Ma'aikatar lafiya ta Sin ta haramta yin aikin don ƙawa a 2006, bayan asibitocin da ba su ƙware ba sun naƙasa mutane.

Batun ƙari kaɗan

Mai neman santimita 3 ko 4 yakan ɗauka cewa tunda abin da yake so kaɗan ne, wahalar ma kaɗan ce. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: kwanakin ja a cinya kusan 30 zuwa 40 ne kawai, tsoka da jijiya ba za su sha jan da mai santimita 8 zai sha ba, ƙashin kuma zai riga nasa ƙarfi. Amma sauran abubuwan ba sa raguwa. Ƙafafu biyu masu lafiya za a karya, ramin ɓargo za a fafe, haɗarin toshewar huhu na nan daram, kuɗin na'urar bai canja ba, keken guragu da sanduna kuma ba makawa. Wanda aka yi wa don gyara gurguntaka yana sayen tafiya ne da wannan wahala, shi kuwa wannan da ƙafafunsa ya shigo asibitin.

Yana da kyau a auna santimita 3 ɗin da idon basira. Tsayin kowane mutum kan ragu da santimita 1 zuwa 2 tsakanin safe da dare, saboda guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya yana matsewa da nauyin jiki. Takalmi mai tudu a ciki ma yana ba da kwatankwacin abin da ake nema. Ga kuma batun fasali: ƙafa ce kaɗai ke ƙaruwa, gangar jiki da hannuwa suna nan yadda suke, kuma masu gudu ko buga ƙwallo ba dukansu ne ke komawa kan ƙarfinsu na da ba.

Saboda haka likitoci da dama ba sa taɓa mutum sai likitan ƙwaƙwalwa ya gan shi. Akwai lalurar da ke sa mutum ya riƙa ganin aibu a halittarsa inda wasu ba sa gani, kuma mai ita ba kasafai tiyata ke kwantar masa da hankali ba, damuwar takan koma kan wata gaɓar ne. Masu goyon bayan aikin suna cewa baligi mai hankali yana da ikon zaɓa wa jikinsa, kuma akwai waɗanda suka yi suka ji daɗi. Ko su ɗin ma da sauran aiki a gabansu, domin bayan shekara 1 zuwa 2 sai an sake sa su barci a zare ƙarfen daga cikin ƙashi.