Masu kwana a ƙarƙashin gada ba duka mabarata ba ne

An daɗe ana cewa marasa matsuguni a Legas mabarata ne ko masu taɓin hankali. Wanda ya taɓa bi ta Obalende ko Mile 12 da asuba ya san ba haka abin yake ba. Ga ɗan dako nan yana naɗe kwalin da ya kwana a kai, ya yi alwala da ruwan leda, ya nufi motar tumatir. Ga mai wankin takalmi, ga maigadi da ke kwana a bakin ƙofar da yake gadi. Kowa da sana'arsa, wani ma da iyali a ƙauye yana aika musu kuɗi duk wata. Abin da ya gagare su haya ce, domin a Legas mai gida kuɗin shekara yake so a dunƙule, ga kuma na dillali.

A 2024 gwamnatin jihar ta gano ɗakuna 86 a ƙarƙashin gadar Dolphin Estate da ke Ikoyi, kuma masu zama a ciki haya suke biya.

Alƙaluman da ake yawo da su cewa marasa matsuguni sun kai miliyoyi kuwa, a yi hattara da su. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006. A Amurka duk watan Janairu ana ware dare guda a fita a ƙirga masu kwana a waje. A nan Legas kuwa, ko an fita, ɗan ci-rani da ke raɓe a shagon ɗan'uwansa a Agege ba zai shiga lissafi ba.